Abincin Rana Daga Gidan Maƙwabta

Akwai maganar da ake yawan yi a majalisar dattawa da shirye-shiryen rediyo, cewa cin abinci a waje baƙuwar ɗabi'a ce, wai daga Turai da Amurka muka kwaso ta. A nuna samarin da ke cika bencin mai shayi bayan isha'i, a ce iyayenmu ba su san wannan ba, tuwon gidansu kaɗai suka sani. Maganar tana da daɗin ji, sai dai tarihi bai goyi bayanta ba. Mu mutanen karkarar arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Kunci da Minjibir, mun daɗe muna sayen dafaffen abinci da kuɗinmu, tun kafin a kafa gidan cin abinci na zamani ko ɗaya a ƙasar nan. Abin da ya canja a cikin shekara hamsin ɗin da suka wuce shi ne hannun da ke dafawa, da hatsin da ake dafawa, da aljihun da kuɗin ke faɗawa.

Tsohuwar shaidar da ke hannunmu ta birni ce. A farkon shekarar 1824, Baturen Birtaniya mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya shiga kasuwar Kano ya rubuta abin da ya gani. Kusa da mahauta ya tarar da wuraren gashi a fili: wutar itace, an kewaye ta da tsinke, kowane tsinke an jera masa tsoka da kitse bi da bi. Mutane na tsugune suna ci, ga kuma mai sayar da ruwan gero a gefe ga wanda ya ji ƙishi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai tsire ya san abin da Baturen nan ke kwatantawa. Shekara ɗari biyu ke nan, kuma ko a lokacin ba sabon abu ba ne.

Wani zai ce ai wannan birni ne, kuma kasuwa ce, wurin fatake da baƙi. Gaskiya ne. Haka ma kasuwar Ɗambatta ta ranar Lahadi, inda dillalan shanu da masu awo da direbobin manyan motoci ke wuni, dole a samu mai tuwo da mai balangu da mai fura. Amma babban cinikin abinci a ƙasarmu ba a kasuwa ake yin sa ba. A cikin gidaje ake yi, bayan katanga, inda baƙo ba ya gani.

Sai mun tuna irin ƙasar da muke zaune a kai kafin mu gane dalili. Nan gona tana jingine da gona, ba daji, ba saura. Ƙauye yana hango ƙauye. Itatuwan da ke tsaye a gonakin, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, duk da mai su, ba a sare su don girki. Makamashi kuwa sai kara da ƙirare da ɗan itacen da aka saya. A irin wannan wuri, hura wuta sau uku a rana a kowane gida ɓarna ce da talaka ba zai iya ba. Sai aka samu tsari, ba tare da wani sarki ya yi doka ba: tuwon dare wajibin maigida ne, shi zai fitar da hatsi da cefane, da safe a ɗumama abin da ya kwana, ko a sha koko, da rana kuwa kowa ya nemi abin da zai saya. Mace ɗaya ta hura wuta ɗaya ta dafa ɗan waken da gida ashirin za su ci. Maƙwabciyarta ta yi fura, ta gaba ta soya ƙosai, wata ta yi dambu ko alale ko waina ko kwaɗon zogale. Wadda ta sayar da safe ita ce mai saye da rana.

Masu bincike na waje sun yi mamakin girman wannan ciniki da suka lura da shi. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, daga baya kuma ta yi aiki a Ɗorayi a gefen Kano, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, domin matan da ke cikin kulle ne ke gudanar da shi, kuma babu littafin haraji ko ƙididdigar gwamnati da ya san da zamansa. A farkon shekarun 1970, Emmy Simmons ta Jami'ar Ahmadu Bello ta bi ƙauyuka uku a ƙasar Zariya tana auna abin da mutane ke ci da inda ya fito, ta tarar cewa sarrafa abinci don sayarwa shi ne babbar sana'ar matan karkara, kuma abincin rana galibi sayensa ake yi. Mu ba mu buƙaci a auna mana ba. Mun san gidan da ƙosansu ya fi tashi, mun san wadda furarta ta fi citta da kanumfari.

Wani abu da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne miji ya sayi abinci a hannun matarsa. A wurinmu ba abin mamaki ba ne. Jarinta nata ne, ribarta tata ce, shari'a ma haka ta ce. In Malam yana son ƙuli-ƙulin da uwargida ta soya don sayarwa, sai ya miƙa kuɗi, ko ya ci bashi a yi ta yi masa tuni. Da wannan riba ake zubin adashi, a sayi akuya, a yi bikin ƙawa, a tara kwanoni da tasoshin da za a jera wa 'ya ranar aurenta. Dukiyar mata a karkarar Kano, mafi yawanta daga bakin murhu ta fito.

To ina kunyar da ake cewa Bahaushe na ji game da ci a waje? Tana nan, amma a san iyakarta. Abin da ake ƙi shi ne babban mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana tauna a idon jama'a. Malaman fiƙihu ma sun lissafa hakan cikin abubuwan da ke rage mutuncin mai ba da shaida. Fulani kuwa, kuma Ɗambatta gari ne na Dambazawa, sun fi kowa tsanantawa a wannan. Sai dai kunyar a kan wurin ci take, ba a kan sayen ba. Dattijo zai aiki yaro da kwano ya sayo masa, ya ci a zaure. Ko tuwon daren ma da ake alfahari da shi, maza ba a ɗaki suke ci ba. Ciyayya ake yi: magidantan layi su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan babbansu, kowane gida ya fito da akushinsa, a ci na wannan a koma na wancan. Wanda gidansa bai ɗora tukunya ba a ranar ya ci ya ƙoshi ba wanda ya gane, baƙo da almajiri su samu rabonsu. Wannan ma ai cin abinci ne a waje, illa dai ba a biya.

Gyaɗa ce ta fara faɗaɗa cinikin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, manoman Kano kuwa suka zaɓi gyaɗa. Cikin 'yan shekaru dalar gyaɗa ta zama alamar birnin, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna da ita. Ana yawan ba da wannan labari ta fuskar fitar da kaya zuwa Turai, a manta da abin da ya faru a cikin gida. Gyaɗar da ba ta hau jirgi ba, mata ne suka soya ta, suka daka, suka matse mai, suka murza ƙuli-ƙuli. Man ya shiga kaskon ƙosai da tandar waina, ƙulin ya shiga kwaɗo da yajin tsire, tunkuzar ta shiga kilishi. Kuɗin kaka da ya shigo hannun manomi shi ya ba shi halin sayen waɗannan. Yaron da ya ci ƙuli biyu da rogo a hanyar makarantar allo ya samu abin gina jiki ba tare da ya san sunansa ba.

Haɗe-haɗen da iyayenmu mata suka gada, in aka duba su da idon masana abinci na yau, akwai hikima a ciki. Hatsi shi kaɗai ba ya cika abin da jiki ke buƙata don ginuwa, sai an haɗa shi da wake ko gyaɗa ko nono. Dubi yadda aka jera su: koko da ƙosai, fura da nono, ɗan wake da mai da yaji, tuwo da miyar da aka sa wa daddawar kalwa da garin kuka. Ba wanda ya karanta wannan a littafi.

Amma kada daɗin tunawa ya ɗebe mu. Zamanin da ba aljanna ba ne. Nama sai ranar kasuwa ko sallah ko suna. Tsakanin shuka da fitowar sabon gero rumbuna kan yi ƙasa, miya ta tsinke, wasu gidajen su koma tafasa da rama. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar Kano. Kuma shi kansa cinikin gida yana da wadda ke ɗauke da nauyinsa a ka: 'yar talla. Uwa tana cikin kulle, ƙafafunta su ne 'yarta mai shekara takwas ko goma, da tire a kai, daga ƙofa zuwa ƙofa, daga tasha zuwa bakin masallaci. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matar aure ta dogara da yaran da za ta aika. Da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, rikicin ya fito fili: in yarinya ta tafi aji, wa zai kai furar? Gidaje da yawa sun zaɓi furar. Ba don ƙin ilimi kaɗai ba, lissafi ne na kayan ɗaki da abin sawa a baka. Duk mai yabon tsohon tsari ba tare da ya ambaci yarinyar nan ba, da abin da take gamuwa da shi a tasha, rabin labari ya bayar.

Shekarun 1970 su ne mahaɗar hanya. Farin 1973 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi. A 1975 annobar kuturtar gyaɗa ta share gonaki, dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ke kwarara, ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, naira tana da ƙarfi, abincin da aka shigo da shi ta jirgin ruwa ya fi na gida araha. A nan Amurka ta shigo cikin cikinmu da gaske, kuma ba ta ƙofar da ake zato ba.

Ana tunanin tasirin Amurka a abinci shi ne gidajen nan masu fitilu da ake tsayawa da mota a miƙo maka leda ta taga. Can haka abin yake. Tun 1948 da 'yan'uwan nan biyu, McDonald, suka mai da gidan abincinsu na San Bernardino tamkar masana'anta, kowane ma'aikaci da aikinsa guda, cin abinci a waje ya bi mota da babban titi da gajeren hutun ofis, har ta kai yau fiye da rabin kuɗin da Amurkawa ke kashewa kan abinci a waje suke kashe shi. Amma McDonald's har yanzu ba shi da reshe a Najeriya. Mr Bigg's da aka buɗe a Legas a 1986, da KFC da ya shigo a 2009, abin manyan birane ne. Manomin Ɗambatta bai san ƙofarsu ba. Abin da ya iso gare shi daga Amurka alkama ce, a cikin burodi.

Ba wai ba mu san alkama ba. An daɗe ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadamu lokacin hunturu, ana yin alkaki da finkaso da taliya da gurasa. Amma abincin masu hali ne da ranakun biki. Injin fulawa na Apapa ya fara aiki a 1962, aka kafa wani a Kano a shekarun 1970. Zuwa farkon shekarun 1980 Najeriya na shigo da alkama sama da tan miliyan ɗaya a shekara, mafi yawanta daga gonakin Amurka. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi a kan haka a 1985, suka sa masa suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama: ƙasa ta saba da abincin da yanayinta ba ya iya nomawa da yawa. Gwamnati ta yi ƙoƙarin fita. An gina madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, aka buɗe filayen Kadawa, a gefenmu kuma aka yi madatsar Tomas. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka yi ta kiran manoma su shuka. Alkama tana son sanyi mai tsawo, namu hunturun gajere ne. Da manomin rani ya yi lissafi sai ya ga tumatir da albasa da shinkafa sun fi. A 1992 aka janye hanin. Yau abin da ake shigowa da shi ya haura tan miliyan huɗu a shekara.

Burodi shi ya haifi teburin mai shayi. Kwali-kwalin madara da gwangwanin Bournvita an jera su kamar bango, ga tukunyar ruwan zafi, ga kiret ɗin ƙwai. Sai Indomie ta zo ta cika teburin. Taliyar nan ta gaggawa wani Bajapane, Momofuku Ando, ya ƙirƙiro ta a 1958. Samfurin Indomie kuwa na Indonesiya ne, ya shigo Najeriya a 1988, aka kafa masa masana'anta a Ota a tsakiyar shekarun 1990. Ita ma fulawar alkama ce da mai da gishiri. Minti biyar ta nuna, ba daka, ba surfe, ba tankaɗe. Ga ɗan acaɓa da ɗalibin kwalejin aikin gona ta Audu Bako da ke kwana a ɗakin haya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma ba mu ga laifin wanda ya zauna a bencin ba.

Sai dai a bi kuɗin a ga inda ya nufa. In ka sayi fura, geron daga kasuwar Lahadi aka auno shi, nonon daga rugar da ke bayan gari, ladan daka da kirɓi na matar da ke layinku. Kusan duk abin da ka biya zai kwana a cikin ƙaramar hukumar. In ka sayi shayi da burodi da Indomie, mai teburin zai riƙe 'yar ribarsa, sauran ya bi mota zuwa gidan burodi, zuwa kamfanin fulawa, zuwa tashar jirgin ruwa, ya ƙare a dala. Kuma teburin na namiji ne, a bakin titi, inda matar aure ba za ta iya zama ba. Wani yanki na abincin safe da na dare ya fita daga hannun mata ba tare da kowa ya yi shela ba. Haka dunƙulen Maggi, wanda galibinsa gishiri ne, ya rage wa mai daddawa kasuwa. Har zoɓon da muke nomawa, ana loda shi a Dawanau a kai Meziko su jiƙa su sha, mu kuma mu bi lemon kwalba.

Ba za mu ɗora wa burodi alhakin tamowa ba, don ta girme shi. Amma bai magance ta ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Abin da ake ba yaron da tamowa ta kwantar a asibiti kuwa, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1990, aka kuma gwada shi a kan dubun-dubatar yara a yankin Maraɗi a 2005, ba komai ba ne illa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai a 'yar leda. A ƙasar da ta yi dalar gyaɗa, wannan abu ne da ya kamata ya hana mu barci. A ɗaya gefen, a gidajen da suka samu hali, sukari da farar fulawa da gishiri sun kawo nasu: hawan jini da ciwon sukari, cututtukan da da ake cewa na attajiran birni ne.

Matan dai ba su miƙa wuya ba. Da waken suya ya yaɗu a arewa daga ƙarshen shekarun 1980, su ne suka gano yadda za a jiƙa shi, a markaɗa, a tace, a sa ruwan tsami ya dunƙule, a soya. Awara ke nan. Ba kamfanin da ya yi mata talla a rediyo, amma yau ba layin da ba a soya ta da yamma, kuma a abin gina jiki da talaka zai iya saye da ƙaramin kuɗi, da wuya a sami wanda ya kai ta. Sun karɓi fulawar ma sun juya ta: taliya 'yar murji, fanke, cincin. Wadda ta sami firji ta koma ƙulla zoɓo da kunun aya. Wasu yanzu ta waya ake yi musu oda, ɗan sahu ya zo ya ɗauka. Bayan yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya ɗaga farashin alkama, cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira suka ƙara, burodi ya fara fin ƙarfin wanda aka saba da shi, kaskon awara da tukunyar ɗan wake su suka tare mutane da yawa. Amma tiren har yanzu a kan yarinya yake.

Sau ɗaya gwamnati ta kusa warware ƙullin nan. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 an gina shi ne a kan ɗaukar matan unguwa su dafa, su sayi kayan a hannun manoman yankinsu, a kai abincin makaranta. A takarda, wannan shi ne tsohon cinikin gida an cire masa talla: uwa ta samu kasuwa tabbatacciya, 'yarta ta ci abincin tana zaune a aji maimakon ta yi yawo da shi. An yi ta kuka da jinkirin biya da son kai wajen zaɓen masu dafawa, kuma a watan Janairun 2024 aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi, ana binciken kuɗaɗensu. Abin da aka ware wa kowane yaro a farkon shirin naira 70 ne a rana. Yau naira 70 ba ta sayen ƙwai ɗaya a teburin mai shayi.